Robar da ba ta taka ƙasa ba

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Gwarzo, aka kawo mana sabon malamin zane-zane. Kafin zuwansa darasin zane kusan lokacin hutu ne a wurinmu. A zana mana kofi ko tulu a jikin allo, a ce mu kwafa. Sauran yara su gama cikin ɗan lokaci su shiga hira, ni kuwa ina benci na biyu jikin taga da rula da fensir, ina gogewa ina sakewa har takardar ta huje. Haka nake tun ina ƙarami. Ba na magana, ba na wasan ƙwallo, kuma layi ɗaya in ya karkace sai ya ɓata mini yini.

Sabon malamin dogo ne siriri, yana da tsohon babur, kuma bakin hannun rigarsa ba ya rabuwa da fenti. Ranar da ya fara shiga ajinmu buhu ya shigo da shi a kafaɗa, ya zazzage a gaban allo. Tsofaffin silifa ne, wasu sun tsinke, wasu duddugensu ya cinye.

"Kowa ya zo ya ɗauki ƙafa ɗaya," in ji shi.

Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, sadaka ce?"

"Sadaka ce, amma ta masu ƙafa ɗaya. In kana da biyu, aiki za ka yi da ita."

Ya sa muka cire igiyoyin, muka wanke su a bakin famfo, muka goga a siminti har suka yi sumul. Sannan ya raba mana wasu ƙananan ƙarafa masu kwari a tsakiya. Ƙarfen tsohuwar laima ne ya kai maƙera aka yanka, aka wasa bakin. Ya ce zanen bugawa zai koya mana. Za ka zana abu a jikin roba, ka sassaƙe duk inda ba ka so, ka dangwala fenti da soso, ka ɗora takarda, ka murza da bayan cokali. In ka ɗaga takardar, zanen ya koma kanta. Kana iya bugawa sau goma, kana iya bugawa sau ɗari, duk daga roba ɗaya.

"Da fensir, abin da ka zana shi ke fitowa," ya ce. "A nan kuwa abin da ka bari shi ke fitowa. Kuma ku sani, ƙarfen nan ba shi da kilinar gogewa irin ta fensir. In ka cire, ka cire."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta daskarar da ni. 'Yan ajinmu suka afka wa robarsu, masu kifi na yi, masu mota na yi, wani ya yanke yatsa aka ɗaure masa da tsumma ya ci gaba. Ni na zana ganyen darbejiya da duk jijiyoyinsa, na riƙe ƙarfe, na kasa sokawa. Darasi ya wuce, wani ya zo ya wuce, robata na nan lafiya lau. Rannan Malam ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallo.

"Kai, jiran me kake yi? Takalmin nan ya riga ya mutu, ba za ka ƙara kashe shi ba."

Aji ya yi dariya, ni ma na yi a ciki, na soka. Ban manta lokacin da na ɗaga takardata ta farko ba. Ganyen na nan kore shar, jijiyoyinsa farare, kamar ba ni na yi ba. Malam ya ɗaga shi sama ya nuna wa aji, ya mayar mini. Na yi ta kallon tebur har aka tashi.

A daidai wannan zangon ne yayata ta kusa sauke Alƙur'ani a Islamiyyarsu. Kakanmu na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, malami ne a Garo ta ƙasar Kabo, kuma an san shi da zayyana. Ga wanda bai sani ba, zayyana ita ce adon da ake zanawa a takarda da ja da rawaya da kore da baƙi, a manna a jikin allon mai sauka, a bar fili a tsakiya a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Shi ake riƙewa ranar sauka a karanta a gaban jama'a. Duk jikan da ya sauke a gidanmu, Baba Tsoho ne ya yi masa da hannunsa. Yana da wata sarƙa da yake zagaye allo da ita, da wani ado a kusurwa da yake kira gidan zuma. Ko a gidan wa ka ga allon, za ka gane nasa ne.

Sai dai a shekarar hannunsa ya fara rawa. Ko shayi sai an rage masa a kofi. Alƙalami kuwa ya ajiye shi gaba ɗaya, bai kuma taɓa yin maganar ba. Mahaifina ya ce ba komai, in ya shiga Kano zai sayo wadda aka riga aka zana, akwai masu kyau. Yayata ta ce to. Da yamma ina karatu a bayan ɗaki na ji tana gaya wa mahaifiyata a madafa, "Kowa nasa na Baba Tsoho ne. Ni kaɗai ce nawa na kasuwa." Mahaifiyata ta ce ta yi shiru kada Baba ya ji, tsohon ma abin na damunsa.

Na kwana da maganar. Hannun Baba Tsoho ba ya iya jan layi, amma ai yana iya dannawa. In na kwafi sarƙarsa na sassaƙa a roba, shi ya danna da tafinsa, ai hannunsa ne ya yi.

Na sauko da allon saukar babban yayanmu daga bango, na naɗe a zane, na tafi da shi makaranta. Sai da aka tashi kowa ya watse sannan na tsaya kusa da babur ɗin Malam. Na gaishe shi, ya amsa. Na sake gaishe shi.

"Gaisuwa ta biyu ke nan. Akwai ta uku, ko akwai magana?"

Na buɗe zanen na miƙa masa allon, na yi bayani ina kallon tayar babur. Ya zauna a kan dakali ya ɗora allon a cinya, yana bin sarƙar da yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"Ka san abin da ka ɗauko kuwa? Launi huɗu ne. Kowane launi da robarsa, kuma kowace sai ta sauka daidai inda 'yar'uwarta ta bari. In ka kuskure da faɗin tsinke, ya nuna."

Na ce zan iya. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Washegari ya mai da abin darasi. Ya jingina allon a gaban aji ya ce, "Wannan ba daga littafin gwamnati ba ne, wani tsoho ne a Garo ya yi." Ya nuna mana yadda sarƙar take maimaita kanta, gaɓa ɗaya ce ake ta jerawa, don haka roba ƙarama ta isa a zagaye allo da ita. Ya koya mana yin ɗigo a gefen takarda don kowace roba ta san wurin zamanta. Ya zaɓo mini silifa mafi kauri a buhun. Na yi makonni ina sassaƙa, a aji da gida, har yatsana ya yi kanta. Da muka buga na gwaji a takarda, har yaran bayan aji sai da suka taso kallo.

Ranar wata Asabar muka je Garo gaida su Baba Tsoho, ni da mahaifina da yayata. Yana zaune a kan buzu a inuwar zaure. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi mutanen Gwarzo ɗaya bayan ɗaya, na matsa na ajiye takardar a gabansa. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa.

"Wa ya sace mini sarƙata?"

"Ni ne."

"Ɗan boko. Ashe bakin ne kawai ba ya aiki."

Na ga yana murmushi, sai na samu ƙarfin faɗin sauran. Na ce ba zana ta na yi ba, bugawa aka yi, kuma in ya yarda shi zai danna ta yayata da hannunsa. Ya kalli hannun nasa a kan gwiwa yana ta rawarsa. Ya ce in nuna masa abin da ake bugawar da shi.

Na ciro daga leda na miƙa. Ya duba sassaƙar, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya bayanta. Ga hujin igiya guda uku, ga kwarin da dudduge ya yi.

"Wannan takalmi ne."

"An wanke shi, Baba Tsoho. Da sabulu."

"Takalmin wa?"

Na ce ban sani ba.

"Takalmin da ba ka san mai shi ba. Ya shiga kasuwa, ya shiga turke, ya shiga bayan gida. Shi za ka ɗora a takardar da za a rubuta Fatiha?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye robar can gefen tabarma, a ƙasa, inda takalma suke. Ni da na tashi a gidan da ko guntun takarda mai rubutun Larabci ba a bari a ƙasa, na yi makonni ina wannan aiki ban taɓa tunawa ba. Layin nake ta kallo, na manta a jikin me nake jan sa.

Kakata, Inna, tana daga bakin ƙofa tana jin komai. Ta ce, "Angona, da ka tambaye ni ai da na ba ka nawa, ko ba komai ka san inda ya je." Mahaifina ya ce a yi haƙuri, yarinta ce.

Ranar Litinin na gaya wa Malam. Ya dafe goshi.

"Ni ma fa na yi makarantar allo. Wallahi ko kusa bai zo mini ba. Tsohon yana da gaskiya."

Na ɗauka shi ke nan. Sauka ta matso, mahaifina har ya sa ranar shiga Kano. Amma bayan kwana biyu sai ga Malam da wani abu a naɗe a bayan babur. Faffaɗar roba ce sabuwa, irin wadda masu yin takalma a kasuwar Gwarzo suke yankawa. Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye.

"A'a. Wannan karon tambaya za mu fara yi kafin mu yanka."

Ya nemi izinin mahaifina, ya goya ni bayan an tashi makaranta. Lokacin kaka ne, dawa ta nuna a gefen hanya, ana ta yankan gero. Ina rungume da robar, iska na neman ƙwace ta, shi kuwa yana ta ba ni labarin da rabinsa iska ta tafi da shi.

A Garo Malam ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi gajiya da iyali da ɗalibai da amfanin gona. Sai da aka kawo fura aka sha sannan ya shimfiɗa robar.

"Allah gafarta Malam, laifin wancan nawa ne, ba na yaro ba. Ga wannan na kawo a duba."

"Me ake yi da ita?"

"Takalmi ake yankawa daga jikinta."

"An yanka?"

"Ba a yanka ba."

"Wani ya taka?"

"Daga shago sai bayan babur ɗina."

Baba Tsoho ya shafa ta, ya sansana, ya yamutsa fuska don warin sabuwar roba.

"To," ya ce. "Fatar da aka ɗinka mini gafakar Alƙur'ani da ita, da wadda aka yi mini takalmin sallar idi, wurin baduku ɗaya na saya, ƙila ma akuya ɗaya ce. Wannan ba ta zama takalmi ba tukuna. Amma fentinku na makaranta ba zai hau ba. Tawadata za a sa. Kai kuma ɗan boko, da alwala za ka riƙa taɓa ta."

Tawadarsa ruwa-ruwa ce, ta alƙalami, ba ta zama a kan roba. Malam ya karɓi kwalaben ya tafi da su, ya yi ta gwaji da ƙaro har ta yi kauri. Ni kuma na koma farko. Lokaci ya ƙure, don haka Malam ya raba aikin a aji. Ni ke bin layi, wasu 'yan ajinmu na kwashe manyan filaye. Wanda ya tambayi ko sadaka ce ranar farko, shi ya fi kowa naci. Kullum sai ya zo ya nuna mini hannunsa a jiƙe ya ce, "Shugaba, na yi alwalar, a ba ni kore."

Ranar bugawa da hantsi muka hallara a zauren Garo. Aka sa faffaɗan katako a kan tabarma, aka danne takarda da duwatsu a gefe. Malam na dangwala tawada, ni ina saita roba a kan ɗigo, Baba Tsoho na durƙushe. In na ce "Yanzu," sai ya ɗora tafukansa biyu, ɗaya kan ɗaya, ya yi bisimilla ya saki nauyinsa. Abin da ban zata ba, da zarar ya danna sai rawar ta tsaya. Muddin nauyinsa na kan hannun, hannun na nan cik. Shi ma ya lura. Bayan gaɓa ta uku ko ta huɗu sai na ga yana daɗewa bai ɗaga ba, fiye da yadda aikin ke buƙata, mu kuma ba wanda ya ce ya ɗaga.

Muka yi rawaya muka jira ta bushe. Muka yi ja, muka yi kore. Inna ta aiko da ɗumame, ta leƙo ta ce tsoho ya koma 'yan aji biyu. Aka yi azahar aka dawo. Baƙi ne na ƙarshe, shi ke ɗaure sauran. Kusurwa uku suka fita tsaf. A ta huɗu ya gaji, da zai ɗaga sai hannun ya kufce, robar ta goce. Gidan zuman ya fito da baki biyu, kamar inuwa.

"A sake," na ce. Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka a gaban manya ba. "Akwai wata takardar. A sake daga farko."

Yayata tana zaune a bakin ƙofar cikin gida tun safe. Ta taso, ta durƙusa, ta janye takardar daga gabana.

"Ba za a sake ba."

"Ya goce fa."

"Na gani. Sauran duk kai ne da rularka. Nan ne wurinsa."

Baba Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Amaryata ta yanke hukunci, ɗan boko. Sai ka ɗaukaka ƙara."

Malam yana goge hannu ya dubi ragowar tawada, ya dubi takardar da ta rage, ya dube ni.

"Allah gafarta Malam, tunda ga kaya a shimfiɗe, da an buga ta biyu an ajiye wa yaron nan. Amfanin bugawa ke nan, ba a tsayawa a ɗaya."

Na sunkuyar da kai. Abin da nake so ke nan tun safe, na kasa faɗa.

"Ina ya kai a karatu?" in ji Baba Tsoho, alhali ya sani.

Na ce ban kai Yasin ba.

"Ba a yi wa mutum zayyana kafin ya sauke. Ban yi wa ubansa ba, ban yi wa kowa ba. Ya je ya kai Baƙara ya dawo, robar ba gudu za ta yi ba." Ya miƙo hannun mai rawa ya dafa kaina. "Ka dai yi sauri."

Malam bai ja ba, ni ma ban roƙa ba. Muka wanke robobin, na jera su a gwangwanin madara.

Mahaifina ya rubuta ayoyin a tsakiya. Ranar sauka yayata ta riƙe allonta a gaban jama'a ta karanta, Baba Tsoho na zaune a sahun gaba, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Ni na danna." A ƙarshen shekarar aka yi wa Malam canjin makaranta. Ranar da zai tafi yara suka kewaye babur ɗinsa, ni na tsaya daga nesa ina shirya abin da zan faɗa har ya tayar ya tafi. Ban sake ganinsa ba. Na ji an ce yana wajen Lakwaya, daga baya aka ce ya bar can ma.

Na yi sauri iyakar yina. Na daina goge-gogen banza, na ƙara zaman karatu na asuba. Ina cikin Ali Imrana, ita kaɗai ta rage tsakanina da Baƙara, aka aiko daga Garo cewa Baba Tsoho ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Da tawa saukar ta zo, mahaifina ya ce in buga da kaina, ai na iya. Na fito da gwangwanin, na haɗa tawada da ƙaro yadda Malam ya nuna mini, na yi alwala, na saita, na danna. Kusurwa huɗu suka fita daidai, ko faɗin tsinke ba su kuskure ba. Duk wanda ya gani sai ya yaba.

Yanzu na yi nisa a karatu, kuma nakan yi tunanin mutanen nan biyu fiye da yadda nake faɗa. Ɗaya ya koya mini in soka ƙarfe ko da ina tsoro. Ɗayan ya hana ni abin da na fi so, kuma har yau ban iya cewa bai yi daidai ba. Wani lokaci nakan ce da na buɗe baki ranar, ƙila da ya sassauta. Wani lokaci kuma na san ba zai sassauta ba, kuma da ya yi, da ba shi ba ne.

Allona na nan a ɗakina. Na yayata yana rataye a gidan aurenta a Kabo, launin ya fara kwantawa. Duk sanda na je, bayan mun gaisa takan shiga madafa ta bar ni a falo, don ta san inda zan tsaya. Nakan daɗe a gaban kusurwar nan ta huɗu.